Masaukin manya zalla a Stone Town, Zanzibar

Uwargida: Salamu alaikum. Ni da maigida za mu yi kwana biyar a Zanzibar, muna son masaukin da ba a karɓar yara. Yaya ake tantancewa?

Matafiyi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da shekaru. Wani otal ɗin daga 18 yake karɓa, wani 16, wani kuma ɗan shekara 12 ma babba ne a wurinsa. Ki tura musu saƙo su rubuto miki ƙa'idarsu, kada ki tsaya ga tallar intanet. Ki kuma tambaya ko suna da mashaya ko kiɗan dare, don rashin yara ba ya hana hayaniya.

Baƙon Unguja (babban tsibirin Zanzibar): Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, lunguna ne matsattsu, mota ba ta shiga yawancinsu. A bakin titi za a sauke ku, ku ƙarasa da ƙafa da akwati, saboda haka a turo mai tarbarku. Otal-otal da yawa tsofaffin gidajen 'yan kasuwa ne da aka gyara, ba lif, matakala kuma a tsaye. In akwai ciwon gwiwa, ku nemi ɗaki a ƙasa. Ɗakin da tagarsa ke kallon lungu yana shan ƙarar babura. Mai kallon tsakar gida ya fi shiru.

Matafiyi: A lambun Forodhani da ke bakin teku a Stone Town ana cin kasuwar gasasshen abinci kowane dare. In teku kuke so, ku yi kwana biyu a gari, uku a Nungwi ko Kendwa, ƙauyukan bakin teku a arewacin tsibirin. Afrilu da Mayu ruwan sama ne mai yawa.