A raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'u?

Ɗan Fagge: Jama'a, ina nan kan bakana. Tsarin da wanda ya fi ƙuri'a ke kwashe kujera shi ke sa zaɓe ya zama a mutu ko a yi rai. Mutum ya ci mazaɓa da ratar ƙuri'a ɗari, dubban da suka zaɓi abokin karawarsa sun sha rana a layi a banza. Kwamitin Mai shari'a Uwais da marigayi 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ya ba da shawarar ƙara kujeru 108 a kan 360 na Majalisar Wakilai, a raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'unsu. Har yau shiru.

Maman Khadija: Ƙanena, wa zai rubuta jerin sunayen waɗanda jam'iyya za ta bai wa kujerun? Gwamna da uwar jam'iyya. Yau in famfon unguwarmu ya lalace na san ƙofar gidan ɗan majalisarmu, mata muna iya taruwa mu je mu tsaya masa. Wanda ya shiga ta jeri, ubangidansa kawai yake tsoro.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, mu a Nijar mun yi wannan tsari kafin juyin mulkin 2023. Kujeru 171: 158 ta jerin jam'iyyu a jihohi takwas, 8 na ƙananan ƙabilu irin Tubawa da Larabawa, 5 na mazauna ƙetare. A zaɓen 2020 jam'iyyar PNDS-Tarayya ce kan gaba, amma ba ta kai rabi ita kaɗai ba, dole ta nemi ƙawance. Ƙaramar jam'iyya tana da baki.

Malam Mai Rediyo: Bakin da ake saya da kujerar minista? Kuma ka tuna 1995, a Nijar ɗin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou suka yi ta zaman doya da manja har Ba'are ya kifar da su a Janairun 1996.

Ɗan Maraɗi: Allah gafarta Malam, wancan rikicin shugaban ƙasa da firaminista ne, kundin tsarin mulki ya raba musu iko. Kada a ɗora wa rabon kujeru laifin.

Ɗan Fagge: Hajiya, ai shawarar Uwais ba ta taɓa ɗan majalisarki ba, 360 ɗin suna nan, ƙari ne kawai.

Maman Khadija: Ƙarin mutum 108 da albashinsu da motocinsu? A fara gyara zaɓen fidda gwani, inda ake sayen daliget da dala. In an yi wannan, zo mu sake zama.