Wai yanzu da ido ake jin waƙa?

Mai Turi: Salamu alaikum ƴan gurup. Maganar da na yi jiya a fada har aka taso mini, ga ta nan na maimaita: waƙar da ba ta da kilip, wato bidiyonta, yanzu ta mutu tun ba a yanke mata cibi ba. Ni ke zaune gaban ordinater a babbar kasuwa tun safe ina tura ma mutane waƙoƙi cikin memwar, kuma wallahi da wuya wani ya zo ya ce sa min waƙar wane, sai dai ka ji "sa min wadda yarinyar nan ta sa jan lufaya tana rawa bakin ruwa". Sunan waƙa bai sani ba, mawaƙi bai sani ba, lufaya ya sani.

Baba na Mokoyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. Mu da munka tashi da rediyo, waƙar da Ɗan Anace ya yi ma ɗan dambe Shago ni ban taɓa ganin Shago da idona ba, amma in anka sa ta sai in gan shi tsaye cikin fage da hannu ɗaure, tsawonshi da faɗin ƙirjinshi duk ni na ƙera ma kaina, kuma abokina da ke zaune kusa da ni nashi Shagon daban ne. Kilip ɗin ku shi ya kashe wannan. Fuska guda ake ba kowa, mota guda, gida guda. Shata ya rasu tun 1999, har yau ana jin shi a tasha, da wace lufaya?

Malama ta Zariya: Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuke faɗa masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Tun da tashar MTV ta buɗe a Amurka a 1981 tana nuna kilip dare da rana aka fara kukan hoto zai cinye waƙa. Wani Bature Andrew Goodwin ya rubuta a 1992 cewa dangantakar hoto da waƙa iri uku ce. Akwai hoton da ke bin baiti ƙafa da ƙafa, an ce ruwa a nuna ruwa. Akwai wanda ke ƙara ma waƙa ma'anar da ba ta faɗa ba amma bai saɓa mata ba. Sai wanda ya raba hanya da ita sam. Kuma shi a ganinshi ba daidai ba ne a auna kilip da ma'aunin fim, don kiɗa ke jan hoto. Ni dai ina ga abin da ke damun Baba na farkon ne, wanda ke tauna ma mutum abinci ya sa mishi a baki.

Mai Kamara: Malama ta faɗi gaskiya kan kiɗa. In ina montaj ba labari nake bi ba, ganga nake bi, inda kalangu ya faɗi nan nake yanka, in na kuskure ko da ƙiftawar ido ne mai kallo zai ji abin ya yi mishi wani iri ko bai san dalili ba. To amma na ukun nan da kika ce, wanda ya raba hanya da waƙa, a nan garin ba don gwaninta ake yin shi ba, rashin kuɗi ne da son nuna isa. Wani yaro ya kawo min waƙar da ya yi ma mahaifiyarshi, waƙa mai sa hawaye, na ce mu tafi ƙauyensu mu ɗauki tsohuwa tana daka tana ɗibar ruwa a rijiya, ya ce a'a shi motar aro yake so da harabar otel da tabarau, don abokai kar su ce bai waye ba. Kuɗinshi ne, yini guda gare mu, na ɗauka. Har yau in na ga kilip ɗin raina ɓaci yake.

Hajiya Bagalam: Ku maza kuna ta maganar mawaƙi da mai kamara kun manta da mai kallo. Mu mata in mun taru ana shirin biki muka sa kilip, kun san mi muke kallo? Ɗinki, ɗaurin kallabi, zanen lalle, takun rawa. A tsayar da hoto a kai ma tela a ce irin wannan. Waƙar kuwa mun riga mun haddace ta wajen wanke-wanke. Ba wanda ya cinye wani.

Malama ta Zariya: Hajiya kin taɓo wuri. Kuma ga inda nake ganin maganar Turawan ba ta zauna daidai a kanmu ba. Su a wajensu kamfani ke matsa a yi ta nuna fuskar mawaƙi kusa-kusa don a sayar da shi. Mu kuwa daga fim ɗin Indiya muka gaji abin, inda mai rera waƙa daban mai motsa baki daban. Lata Mangeshkar ta yi shekaru da yawa tana waƙa wasu matan na ɗaukar fuska. Fina-finan Kano haka suka bi, shi ya sa za ka ji ana cewa waƙar jarumi wane alhali ko baiti ɗaya bai rera ba, mai muryar yana can sitidiyo ba wanda ya san kamanninshi. Wannan ya fi ci min rai a kan zancen mota da otel.

Ɗan Kabu-kabu: Yaya Mai Turi ni fa ban gane mutuwar da kake faɗa ba. Ina bisa babur daga Ali Ɗan Sofo zuwa Tibiri da abin ji a kunne, ta ina zan kalli lufaya? Manomi a gona fa? Sau ɗaya nake kallon kilip, in waƙa ta yi daɗi ta zauna, in ba ta yi ba ko a jirgin sama aka ɗauke ta gogewa nake, memwar ba ta da wuri.

Mai Turi: To ƙanena ai ka kama kanka. Sau ɗayan nan da ka kalla shi ya sa ka san da ita. Kuma kai ɗin nan bidiyo kake cewa in tura maka ba odiyo ba, ko ƙarya na yi? Yanzu ma abin ya wuce kilip, yara a TikTok amshi kawai suke yanka su yi rawa a kai, su zo suna neman waƙa da ɗan guntun nan, in na sa musu ita cikakkiya sai su ce ba ita ba ce.

Ɗan Kabu-kabu: Bidiyo nake cewa gaskiya, amma don in na koma gida iyali su kalla.

Baba na Mokoyo: Wannan na yara da ba su gane waƙa in an sa ta cikakkiya, shi ya tsaya min a rai tun da na karanta. Ga abin da nike so mu yi. Ran Juma'a bayan la'asar Mai Turi ya zo fada da sabuwar waƙa wadda ba wanda ya ga kilip ɗinta cikinmu, a kife waya a ji ta har ƙarshe, kowa ya faɗi abin da ya gani cikin ranshi, sannan a buɗe hoto. Malama da Hajiya a tura musu su aiko nasu da murya.

Mai Kamara: Na yarda, amma kar a zaɓo wadda ni na ɗauka, don na riga na san hotonta.

Mai Turi: Akwai guda biyu da suka shigo min daga Katsina shekaranjiya, ko ni ban buɗe su ba tukuna. Shayi wa zai kawo?