Kuɗin Yaƙi da Taba: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyar nan ta yaƙi da shan taba da gwamnati ke tallafa wa, ni a ganina asarar kuɗin talaka ce. Duk 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, a buga riguna da huluna, a yi tattaki, a shiga otal a yi bita, a raba kuɗin mota. Shi ke nan sai baɗi. Gara a sayo wa asibiti magani.

Anti Nas: Wa'alaikumus salam. Yaya, ban yarda ba. Ka zo ɗakin masu ciwon ƙirji ka gani. Dattijo ya shekara da shekaru yana zuƙa, yanzu daga gado zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango, 'ya'yansa na ta karo-karon kuɗin iskar oksijin. Huhun da ya kai nan ba ya dawowa, komai maganin da ka sayo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, har da waɗanda hayaƙin wasu kawai suke shaƙa.

Baban Khalifa: Ƙanwata, ban ce taba ba ta kisa ba. Cewa na yi a nuna min wanda ya daina saboda su.

Malam Na Kurna: Wannan ma'aunin da wuya, Baban Khalifa. Yaron da bai fara sha ba, ba zai zo ya yi rajista ba. Babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manya ke amfani da taba, wajen mutum miliyan 4.5, a cikin maza kuma ɗaya cikin goma. Ko yau aka ce adadin ya ragu, wa zai rantse ƙungiya ce ba tsadar rayuwa ba? Amma doka ana ganinta. Dokar taba ta 2015 ta hana talla, ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da kara-kara. A 2021 aka fara sa hoton gargaɗi da ya cinye rabin kwali. Ƙungiyoyin farar hula sun daɗe suna matsa lamba kafin a samu waɗannan.

Alhaji Mai Tireda: Malam, Allah ya gafarta, hoton nan ni kaɗai ke ganin sa. Kwalin yana cikin akwatina, mai saye kara ɗaya yake karɓa ya kunna a wurin. Daga Fagge har Ɗorayi ku bi tireda da teburin mai shayi, wa ke sayen kwali? Kuma yara ake aikowa, da kayan makaranta a jikinsu. Ni ina kora su, sai su tsallaka titi. Tun da nake sana'ar nan ba wanda ya taɓa zuwa ya ce min ga abin da doka ta ce.

Maman Ummi: Ku ƙara da shisha. Mu iyaye mata ita ce ke hana mu barci, don 'yan mata ma sun shiga, wai ƙamshin 'ya'yan itace ne ba taba ba.

Anti Nas: Taba ce, Maman Ummi, ga kuma hayaƙin gawayi a kai.

Baban Khalifa: To kun ji daga bakin Alhaji. Ina aikin?

Kawu Odita: Ɗana, ka tsaya. Kama mai laifi ba aikin ƙungiya ba ne, na hukuma ne, kar a haɗa. Amma duk wanda ya karɓi kuɗin gwamnati dole ya buɗe littafi. Na yi aikin binciken kuɗi har na yi ritaya, abin da nake fara dubawa shi ne nawa ya tafi albashi, haya da otal, nawa ya isa unguwa. Rahoton da zai ce "mun wayar da kan jama'a" bai gaya min komai ba. Su ƙirga tiredun da ke kusa da makarantu a ƙaramar hukuma ɗaya, su rubuta nawa ke sayar wa yara, su zauna da masu tireda da masu unguwa, bayan shekara su sake ƙirgawa. Raba abin da aka kashe da tiredun da suka daina, ka samu farashin aikin. Wannan ko ɗalibi zai iya bi ya tabbatar.

Malam Na Kurna: Kawu, a duba girman abokin karawar kuma. A Disamba 2023 hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin taba na BAT (British American Tobacco) tarar dala miliyan 110. Wanda zai iya biyan wannan, ba da tattakin rana ɗaya za a ja da shi ba. Ni da kuɗin zai tafi wajen neman ƙarin haraji, da na fi gamsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na so haraji ya kai kashi 75 na farashin kwali, mu ko kusa ba mu je ba, kuma tsada ce ke fara korar yaro.

Baban Khalifa: Ina nan kan bakana har sai na ga takarda. In sun kawo lissafi irin na Kawu, zan janye a nan gaban kowa.

Kawu Odita: Madalla. Zan rubuta musu wasiƙa da sunan zauren nan, mu nemi rahoton kuɗin bara da jerin unguwannin da suka shiga. Mai son sa hannu ya same ni bayan Juma'a.

Anti Nas: Kawu, don Allah a saka tambaya ɗaya: in mutum ya zo ya ce yana son dainawa, ina za mu tura shi, wa zai bi shi bayan sati biyu? Kullum sai an yi min ita a wurin aiki.