Jama'a a taya ni neman sunan wanga ƙaramin famfon zuciya da Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ma'aikatan asibiti da malaman Hausa da ke nan. Kawuna shina Indiya, an kai shi ne don a buɗe mishi jijiyoyin zuciya da sunka toshe, sai ciwon ya buge shi can tun kafin ranar aikin, zuciyar ta kasa tura jini yadda ya kamata, hawan jininshi ya faɗi, likitoci sunka saka mishi wata na'ura da ake ce ma Impella. Taubashina da ke jinya ya bugo ma Inna waya yac ce mata wai an sa ma Baba injin zuciya. Tun jiya Inna ba ta kai komai bakinta ba, ita a ganinta an cire zuciyar mijinta an maye da ƙarfe. Ni anka ɗora ma aikin in je Mabera in yi mata bayani kuma wallahi ban da kalmar da zan faɗa mata.

Bari in faɗi yadda abin yake don masu ba da shawara su san mi za su raɗa ma suna. Ba a tsaga ƙirji. Siririyar roba ce doguwa ake zurawa ta babbar jijiyar jini da ke gindin cinya, a bi da ita sama har ta shiga ɗakin ƙasa na hagu na zuciya, wanda shi ne ke tura jini ga duk jiki. A bakin robar akwai ɗan famfo wanda bai kai kaurin fensir ba, cikinshi akwai wani abu mai murɗe-murɗe kamar sandar nan ta cikin injin markaɗe da ke tura tumatir gaba, sai dai shi wanga yana juyawa sau dubu arba'in da wani abu a minti ɗaya. Yana zuƙo jinin daga cikin zuciya ya watsa shi cikin babbar jijiya. Zuciyar lafiyayyen mutum tana tura wajen lita 5 a minti, ƙaramin cikin famfunan nan yana iya lita 2.5, babban kuma ya kai 5.5. Zuciyar mutum tana nan wurinta tana bugawa, an dai rage mata kaya ne ta huta, kuma na awoyi ne ko 'yan kwanaki sannan a zare.

To mi za mu ce mishi?

Na dawo, na ga amsoshi da yawa Allah shi saka da alheri. Mafi yawa sun ce famfon zuciya kawai. Na yarda famfo ne, amma akwai wani famfon da ake tsaga ƙirji a dasa ma mutum ya tafi gida da shi ya yi shekaru yana yawo da batir, in mun ba wanga sunan to wancan fa? Kuma sunan bai gaya ma Inna abin da ta fi buƙatar ji ba, wato cewa za a cire shi. Masu cewa batirin zuciya ku yi haƙuri, wannan sunan mutane sun riga sun ba ɗan abin nan da ake sawa ƙarƙashin fata yana daidaita bugu, shi ba ya tura jini ko kaɗan. Zuciyar roba kuwa ita ce ma abin da muke gudu.

Wani dattijo da ya yi noman rani a fadamar Kwalkwalawa yac ce a kira shi jigon zuciya, tunda jigo ke ɗebo ruwa daga ƙasa ya zuba sama. Baba wallahi na daɗe ina kallon maganarka, don ba ka san yadda ka taɓo tarihin abin ba. Likitan Amurka da ya fara ƙera irin wanga famfon, Richard Wampler, a Masar ya samo dabarar wajen kallon yadda ake ɗago ruwa, anka fara saka nashi ga ɗan Adam a 1988 da sunan Hemopump. Impella daga baya ta fito daga Jamus, kamfanin Abiomed na Amurka ya saye ta a 2005, shi ma Johnson & Johnson sunka saye shi a 2022. To ka ga asalin abin daga bakin ruwa yake kamar yadda ka hango. Damuwata ɗaya, yaran yanzu in ka ce jigo jigon jam'iyya suke ji, kuma in an ce jigon zuciya sai a ɗauka abin da zuciyar ta dogara gare shi ne har abada.

Wata Anti nas da ke aiki a asibitin koyarwa na nan Sakkwato ta yi min gyara mai kyau, tac ce kada in kuskura in ce ma Inna kateta, don duk wanda ya taɓa jinya a nan in ya ji kateta robar fitsari ce ke zo mishi a rai. Gaskiya ne Anti, na cire ta, zan ce siririyar roba ta jijiya.

Sai kuma malamin da yac ce mi ya hana mu duba kalmar ɗauki. Malam a nan na tsaya. In gobara ta tashi a gidan maƙwabci ka kai ɗauki, ba ka zo ka karɓe gidan ba, ba ka zo zama ba, wuta na mutuwa ka koma naka gida. Duk abin da nike son faɗi yana cikin kalmar, gaggawa tana ciki, taimako yana ciki, komawa tana ciki, kuma mai gida shina nan da gidanshi. Na rubuta famfon ɗaukin zuciya na ji daɗi, sai wata ƙanwa tac ce Yaya sake karantawa da ƙarfi. Na karanta, gabana ya faɗi. A rubuce ba a ganin karin sauti, mai karatu zai iya jin famfon da ke ɗaukar zuciya, abin da ya hana Inna cin abinci ke nan. Don haka dole kai ta shigo ciki, a ce famfon kai-ɗauki na zuciya, a baki kuma a taƙaice a ce kai-ɗauki, kamar an saka mishi kai-ɗauki, gobe za a zare kai-ɗaukin.

Wani ya ce sunan ya yi daɗi da yawa, zai sa mutane su ɗauka abin ba shi da haɗari. Ina ganin mai kai ɗauki ma yana fasa tukwane wajen kashe wuta, kuma likita ne zai faɗi wannan ɓangaren da bakinshi. Binciken DanGer Shock da anka yi a Denmak da Jamus da Ingila, wanda ya fito a 2024, ya bi marasa lafiya 355 da bugun zuciya ya jefa cikin irin halin Kawu, cikin kwana 180 waɗanda anka sa ma famfon kashi 45.8 cikin ɗari sunka rasu, waɗanda ba a sa ma ba kashi 58.5. Ya ceci rayuka, amma zubar jini da toshewar jini ga ƙafa da buƙatar wankin ƙoda sun fi yawa ga masu famfon. Wannan ma zan gaya ma Inna, ba zan ɓoye mata ba.

Ƙari, bayan isha'i. Na je Mabera na zauna gabanta nac ce Inna zuciyar Kawu tana nan cikin ƙirjinshi ba wanda ya taɓa ta, gajiya ta yi anka kai mata ɗauki da wani ɗan famfo ta jijiyar cinya. Ta yi shiru, sannan tac ce to ɗana shi mai ɗaukin yaushe za shi koma? Nac ce likitoci sun ce in zuciyar ta ci gaba da ɗagowa jibi za su fara rage gudunshi su gani. Ta sa an kawo mata fura ta sha rabin kwano. Ku ci gaba da sa Kawu cikin addu'a, in sun zare zan dawo nan in sanar.