PySide6, Electron ko Tauri: da wanne zan gina manhajar da za ta hau Windows, Mac da Linux?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in gina manhajar lissafin kaya da za ta yi aiki a Windows, macOS da Linux daga kod guda ɗaya. Python na iya, sai JavaScript kaɗan-kaɗan. Za ta nuna jadawali mai layi kusan 200,000 daga SQLite, za ta buga rasit a firinta, kuma wasu kwamfutocin RAM ɗinsu gigabait 4 ne kacal. Sayarwa zan yi, ba na son buɗe kod ɗina. Wanne ya dace?

Mai_Kod:
Wa alaikumus salam. Tunda Python ne a hannunka, ɗauki Qt, kayan gina tagogin manhaja, ta hanyar PySide6 mai haɗa shi da Python. Amma ka kula, PySide6 daban, PyQt6 daban, duk da kod ɗinsu kamar an tsaga kara. PyQt lasisinsa GPL ne ko ka saya, wato ko ka buɗe kod ɗinka ko ka biya. PySide6 kuwa LGPL ne: za ka rufe naka, muddin ɗakunan kod na Qt suna zaune a fayilolinsu daban yadda mai amfani zai iya musanya su, kuma ka haɗa takardar lasisin. Akwai tarko guda: wasu sassa kamar Qt Charts GPL ne kaɗai ga wanda bai saya ba. Duba kowane sashe kafin ka saka shi.

Batun jadawalin, kada ka taɓa QTableWidget. Shi yana ƙirƙirar abu ɗaya ga kowane gurbi, to layi 200,000 sau ginshiƙi 10 ya zama miliyan 2, RAM ya tafi ke nan. Yi amfani da QTableView, ka rubuta naka QAbstractTableModel. Layukan da ido ke gani kawai tagar take tambaya, kamar 40 a lokaci guda. Ka ƙara canFetchMore da fetchMore, ka riƙa jawo layi 500 duk sa'ad da mutum ya gangaro ƙasa.

Abu na biyu da ke kayar da sababbi shi ne aiki mai nauyi a zaren (thread, wato layin aikin manhaja) da ke zana taga. Idan bincike a SQLite ya ɗauki daƙiƙa biyar a can, taga za ta sandare har Windows ya ce manhajar ta daina amsawa. Tura shi zaren baya da QThread, sakamakon ya dawo ta sigina, wato saƙon Qt. Kada zaren baya ya taɓa madanni ko jadawali kai tsaye, nan manhaja ke mutuwa ba gaira ba dalili. Kuma kowane zare ya buɗe nasa haɗin da SQLite.

Hajiya_Rust:
Na yarda da Malam Mai_Kod, sai dai a yi wa sauran adalci. Electron yana ɗauke da Chromium da Node.js gaba ɗaya a cikinsa, shi ya sa manhajar da ba ta yin komai ma takan haura megabait 100 bayan an girka. Ribarsa ita ce fuskar iri ɗaya ce ko'ina, VS Code ma a kansa yake. A kwamfuta mai gigabait 4 da burauza a buɗe kuwa, za a ji a jika.

Tauri ya rage wannan nauyin domin yana aron injin burauzar da ke cikin kwamfutar: WebView2 a Windows, WKWebView a Mac, WebKitGTK a Linux. Fayil ɗin 'yan megabait ne. To amma injin uku ne, gwaji uku ke nan, kuma na Linux ya fi ba da ciwon kai. Ga shi kod ɗin bayan fage na Tauri da yaren Rust ake rubuta shi, ba Python ba. Buga rasit ma ta hanyar burauza sai an sha fama, alhali Qt na da QPrinter.

GTK kuwa, wani kayan gina tagogin, gidansa Linux, a Windows da Mac baƙo ne.

Tsohon_Hannu:
Kun manta da wxWidgets, wanda ke nan tun 1992, kuma akwai wxPython. Yana amfani da ainihin madannai da tagogin kowane tsari, KiCad da FileZilla da shi aka gina su, lasisinsa kuma bai hana rufe kod ba. Duk da haka a nan Qt zan ce, saboda tsarin jadawalinsa.

Ƙanena, wahalar ba a zana taga take ba, a rarraba manhajar take. PyInstaller, mai tattara manhajar Python don rarrabawa, ba ya haɗa na Mac daga Windows, dole ka haɗa kowanne a kan tsarinsa, ko ka bar GitHub Actions, mai haɗa manhaja a kwamfutocin GitHub, ya yi maka ukun. Na Linux ka haɗa shi a tsohuwar sigar Linux, domin abin da aka haɗa da sabon glibc (babban ɗakin kod na Linux) ba ya tashi a tsoho. Mac yana son sa hannu na dijital da tantancewar Apple, in ba haka ba Gatekeeper, mai tsaron Mac, zai tare. Windows kuma SmartScreen, mai tsaronsa, zai tsorata mai saye idan babu sa hannu. Ka zaɓi fitar da folda mai ɗauke da komai a warwatse maimakon fayil guda: ya fi saurin tashi, ya kuma fi dacewa da sharaɗin LGPL.

Tun makon farko ka haɗa taga ɗaya da madanni ɗaya mai buga rasit, ka gwada a tsarin uku da ainihin firintar, kafin ka rubuta sauran.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. PySide6 ke nan. Zan fara da gwajin firintar a Linux.