Tor Browser a Linux Mint: ta Software Manager ko daga shafinsu kai tsaye?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wani ƙauye gefen Jahun. Ƙanina ya sa min Linux Mint a tsohuwar laftof ɗina kafin ya koma makaranta Dutse. Ina son Tor Browser, don na gaji da tallace-tallacen da ke bina duk abin da na bincika. A Software Manager na ga "tor", na kuma ga "torbrowser-launcher", wani kuma ya ce in sauko da ita daga torproject.org. Wanne ya fi? Ku lura, sabis a nan sai na hau tudun bayan makaranta, data kuma ba ta arha.

Ɗan Kazaure:
Wa alaikumus salam, Malam. Bar wannan "tor" ɗin, ba burauza ba ce, inji ne da ke aiki a ɓoye, ko taga ba za ka gani ba. Shi kuwa launcher ɗan aike ne kawai: ka buɗe shi, ya je shafin Tor ya ɗauko burauzar, ya duba sa hannunsu, ya girka maka. Ke nan ba zai rage maka ko megabait ɗaya ba, sama da 100 ɗin nan sai ka biya su. Matsalarsa, wanda ke cikin ma'ajiyar Mint daga Ubuntu yake zuwa, kuma yakan tsufa. Idan masu Tor suka sabunta makullin sa hannu, tsohon launcher yakan tsaya ya ce bai amince da fayil ɗin ba.

Hajiya Mai Kafe:
Malam, tunda sabis ne damuwarka, ni kai tsaye zan ce. Ranar da ka shigo gari, sauko da fayil ɗin tar.xz na Linux tare da ɗan ƙaramin .asc da ke kusa da shi (wato fayil ɗin sa hannun masu Tor), ka zuba su a filas. A gida ka warware shi, ka danna start-tor-browser.desktop, shi ke nan. Daga nan ita ke sabunta kanta. Amma kar ka karɓi kwafin da wani ya turo maka ta WhatsApp, ko da amininka ne, sai ka tantance da gpg, manhajar da ke duba sa hannun. Wannan .asc ɗin ba ado ba ne.

Ɗan Kazaure:
Hajiya, gpg ɗin nan fa shi ke korar sababbi, shi ya sa launcher ke da ranarsa. Wani abu kuma, Malam: duba agogon laftof ɗin. Idan ƙaramin batirin ciki ya mutu, kwanan wata ya koma baya, Tor ba za ta haɗu ba.

Malamin Firamare:
Allah ya saka da alheri. Agogon kam kullum sai na gyara shi. Hajiya, a taimaka a rubuto min umarnin gpg ɗin dalla-dalla kafin ranar kasuwa.