Ɗauko karen titi daga wata ƙasa: takardu, gwajin jini, tafiya da makonnin farko

Malama Hadiza: Salamu alaikum jama'a. Maganar ɗauko karen titi daga wata ƙasa ta hannun ƙungiyoyin ceton dabbobi tana ta dawowa, kuma tambayar farko kullum ɗaya ce: nawa ne kuɗin jirgi? Alhali kuɗin jirgi shi ne ƙarshen lissafi. Waɗanda suka san harkar, kowa ya kawo abin da ya sani, musamman inda abin yake lalacewa da dalilin lalacewar.

Dakta Sani: Wa alaikumus salam Malama. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne jerin kwanaki, ba rashin takarda ba. Farko ana sa wa kare ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, mai lamba 15, irin ta ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 11784 da 11785. Bayan ta, ko a rana ɗaya da ita, sai allurar rigakafin ciwon haukan kare. In aka yi allurar kafin a sa ƙwayar, to a takarda kamar ba a yi ba ne, domin babu abin da zai tabbatar wannan karen aka yi wa. Sai a sake, lissafi ya koma farko.

Ga Birtaniya da Tarayyar Turai, ba a yi wa kwikwiyo allurar sai ya kai mako 12, sannan a jira kwana 21. Ke nan galibi ba kwikwiyon da zai shigo bisa ƙa'ida bai kai mako 15 ba. Idan kuwa ƙasar da ya fito ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su, akwai ƙarin gwajin jini don tabbatar da allurar ta kama: a ɗebi jinin bayan aƙalla kwana 30 da yin allura, a kai ɗakin gwajin da aka amince da shi, sakamako ya kai 0.5 IU (ma'aunin ƙarfin garkuwa) a kowane mililita ko ya wuce, sannan a jira wata uku. Wata ukun daga ranar ɗibar jini ake ƙirga su, ba daga ranar fitowar sakamako ba. A haɗa duka za a ga kare yana dab da wata bakwai.

Don haka in an turo hoton ɗan mitsitsin kwikwiyo aka ce ya shirya tafiya, a nemi hoton bakinsa. Haƙoran gaba na manya suna fitowa ne wajen wata uku zuwa huɗu, fiƙoƙi wajen wata biyar zuwa shida. Karen da takarda ta ce wata bakwai amma fiƙoƙinsa siraran nan ne na nono masu tsini kamar allura, an yi ƙarya a shekarunsa, kuma wanda ya yi ƙarya a ranar haihuwa ba a yarda da ranar allurarsa ba.

Malam Nura: Likita ya gama da wannan ɓangaren. Abin da zan ƙara shi ne, karen da za a miƙa wa sabon mai shi ba a ɗaukarsa a matsayin dabbar da ke tafiya da ubangidanta. A idon hukuma shigo da shi na kasuwanci ne, ko da ba a ci ribar komai ba, kuma takardunsa daban ne. Wasu masu sufuri suna kauce wa wannan ta hanyar rubuta karen da sunan wani matafiyi, wai nasa ne. In aka gano a bakin iyaka, ana iya killace karen a kan kuɗin wanda ya ɗauko, ko a mayar da shi inda ya fito.

Kowace ƙasa da nata. Kanada ta hana shigo da karnukan kasuwanci, har da na ceto, daga ƙasashen da ciwon haukan kare ya yi yawa tun 28 ga Satumba 2022. Amurka kuwa, daga 1 ga Agusta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce kowane kare sai ya kai wata shida, yana da ƙwayar shaida, an kuma cike masa fom ta intanet kafin ya iso. Wanda ya fito daga ƙasa mai haɗarin ciwon haukan kare kuma a can aka yi masa allura, dole ya sauka a filin jirgin da ke da wurin kula da dabbobi mai rajistar CDC, a kama masa gurbi tun kafin tafiya. In babu sakamakon gwajin jini da suka amince da shi, killacewar kwana 28 ce.

Sai maganin tsila. Birtaniya, Ailan, Finlan, Malta da Norwe suna so likita ya ba kare magani mai firazikwantel tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin ya shiga, a rubuta rana da lokaci. Motar da ta taso daga Romaniya takan yi kwana biyu ko uku a hanya. In an ba da maganin da wuri sannan aka samu jinkiri, awa 120 ta cika a hanya, sai an nemi likita an sake, an kuma jira wata awa 24.

Hajiya Bilki: Kafin a kai ga duk wannan, a tantance ƙungiyar. Tambaya uku sun isa. In zaman bai yiwu ba, wa zai karɓi karen, kuma yana rubuce a yarjejeniya? Karen ya taɓa kwana a cikin gidan mutane, ko daga titi sai keji? Za su turo ainihin takardar ɗakin gwaji mai ɗauke da lambar ƙwayarsa, ko dai "lafiyarsa lau" kawai za a ji? Ƙungiyar da ba ta tambayi tsayin katangar gida ba, ba ta tambayi ko akwai yara ko kyanwa ba, amma tana matsa lamba a biya yau don wai gobe za a kashe karen, a bar ta da hotunanta.

Kalmar "yana da kunya" a tallarsu, sau da yawa ma'anarta bai taɓa bari hannun mutum ya taɓa shi ba.

Dakta Maryam: Hajiya kin taɓo inda nake so in tsaya. Sakamakon da ya ce ba a ga cuta ba yana nufin ba a gan ta a ranar ba ne kawai.

Tsutsar zuciya sauro ne ke yaɗa ta, kuma gwajin ba ya kama ta sai ta yi wajen wata shida zuwa bakwai a jiki. Karen da sauro ya cije shi wata biyu kafin tafiya zai fito da takarda mai tsabta. A sake gwaji bayan wata shida da isowa. In ta bayyana, maganin ya haɗa da doksisaikilin na mako huɗu da allurar melasomin sau uku, kuma abin da ya fi wuya shi ne hana karen guje-guje na makonni, domin gutsattsarin matattun tsutsotsi na iya toshe jijiyoyin huhu in jini ya yi gudu.

Cutar lishmaniya ta fi yawa a karnukan Sifaniya, Fotugal, Italiya, Girka da Saifurus. Wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo da almuru ne ke ɗaukar ta. Tana iya ɓuya watanni, har shekaru. Alamominta: gashi ya zube a kewayen idanu kamar an sa wa kare tabarau, gefen kunne ya yi ɓawo yana tsagewa, farata su yi tsawo fiye da ƙima, rama duk da yana cin abinci, wani lokaci haɓo. Abin tsoron shi ne ƙoda. Ana danne ta da alofurinol tare da wani maganin, amma ba a cika raba kare da ita gaba ɗaya ba, sai bibiyar jini da fitsari har ƙarshen rayuwarsa.

Cututtukan erlikiya da babesiya kaska ce ke kawo su. A duba tsakanin yatsu, cikin kunne da hammata tun ranar farko, domin jar kaskar kare tana iya hayayyafa a cikin ɗaki, a tsagar bango da ƙarƙashin shimfiɗa.

Wadda aka fi mantawa ita ce burusela, kuma tana kama mutum. Tana sa karya ɓari, tana kumbura 'ya'yan maraina, tana kawo ciwon baya, amma karnuka da yawa ba sa nuna komai. Babu maganin da ke tabbatar da ta fita. A gwada kafin tafiya, a sake bayan wata uku. Gidan da ke da mai juna biyu, ƙananan yara ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada su yi wasa da wannan. Kuma a lura, ɗan gwajin nan na gaggawa mai duba cuta huɗu da ƙungiyoyi ke yawan nunawa bai ƙunshi lishmaniya ba, bai ƙunshi burusela ba. A faɗa wa likitan dabbobi ƙasar da karen ya fito tun ziyarar farko, don likitan da ba a samun waɗannan cututtuka a yankinsa ba zai fara tunaninsu ba.

Malam Nura: Batun keji a taƙaice, bisa ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Tsawonsa: daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin tsayin ƙafar gaba daga ƙasa zuwa gwiwa. Faɗinsa ninki biyu na faɗin kafaɗu. Tsayinsa yadda kare zai miƙe kunnensa bai taɓa rufi ba. A ɗaure sama da ƙasan kejin da kusoshin ƙarfe, a cire tayoyi, a maƙala kwanon ruwa a ƙofa yadda za a zuba daga waje. Kada a ba shi maganin barci: yana saukar da hawan jini, yana hana kare daidaita tsayuwarsa, kuma kamfanonin jirgi kan ƙi karɓar karen da suka ga a buge.

Anti Asabe: Duk wahalar nan tana iya tashi a banza cikin daƙiƙa biyar, tsakanin ƙofar mota da ƙofar gida. A nan aka fi rasa su. Karen da ya tsorata ba gaba yake ja ba, baya yake ja: ya kafe ƙafafu, ya sunkuyar da kai, ya murɗa wuya, sai ka ga abin wuya a hannunka babu kare. Ɗamara mai maɗauri biyu ma yana zare ƙafafun gaba daga ciki kamar mai tuɓe riga.

Maganinsa igiya biyu. Ɗaya a kan ɗamara mai maɗauri uku, na ukun ya zauna a bayan haƙarƙari inda ciki ya tsuke, ba zai wuce ƙirji ba. Ɗaya kuma a abin wuya mai tsukewa in an ja. Yatsu biyu su shiga tsakanin maɗauri da fata, kada su wuce haka. Igiyar nan mai naɗe kanta cikin roba a ajiye ta: in ta suɓuce ta faɗi, tana bin karen tana ƙara, shi kuma yana ƙara gudu. In da hali, a shigo da kejin cikin gida a rufe ƙofa kafin a buɗe shi. Katanga ta kai mita 1.8, a janye duk abin da zai taka, kwandon shara ko tebur. Ko a tsakar gida a bar masa doguwar igiya a makonnin farko. Na'urar GPS a ɗamara tana da amfani, in dai an tuna da caji.

In ya gudu, kada a bi shi, kada a tara mutane ana kiran sunan da bai ma san nasa ne ba. A ajiye abinci da shimfiɗarsa a inda aka gan shi ƙarshe, a sa ido daga nesa.

Malam Idi: Anti ta yi gaskiya. Sai cikin gida. Ɗaki ɗaya mai shiru, keji a buɗe an yafa masa bargo, ruwa a kusa. Ban da baƙi, ban da wanka, ban da runguma. Wasu sukan yi kwana ɗaya cur ba su yi fitsari ba saboda tsoro. In ya wuce haka, ko yana yunƙuri ba ya fita, a kira likita. Matakala, ƙasa mai santsi, talabijin da injin wanki duk baƙin abu ne a wurinsa.

Abinci a fara da irin wanda ya saba, a sauya cikin kwana 7 zuwa 10: kwata sabo, sai rabi, sai kwata uku. Gudawar da ta wuce kwana biyu ko ta zo da jini, a kai kashin gwaji, don cutar hanji ta jiyadiya ta yi yawa a karnukan da suka zauna a cunkoso. Karen da ya yi kokawa kafin ya ci zai yi gurnani a kan kwano. Kada a hukunta gurnanin, gargaɗi ne, in aka kashe shi cizo zai zo babu sallama. A ba shi abinci shi kaɗai, a wuce daga nesa ana jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi. In cizo ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a faɗi ƙasar da karen ya fito.

Ana yawan cewa kwana uku ya huce, mako uku ya koyi tsarin gida, wata uku ya saki jiki.

Hajiya Bilki: Malam Idi, wannan uku-ukun ba na so a riƙe shi kamar alƙawari. Kwikwiyo yana sabawa da mutane ne tsakanin mako uku zuwa wajen sha huɗu. Wanda ya wuce wannan lokacin bai mu'amala da mutum ba yana iya kai shekara bai yarda a sa masa hannu ba. Kuma a mako na uku ne, da tsoro ya ragu, ainihin halin ke fitowa. Kwikwiyon Romaniya ko Turkiyya mai manyan tafin ƙafa da gashi mai kauri sau da yawa jinin karnukan tsaron tumaki ne: zai yi girma, zai yi haushin dare, zai tare baƙo a ƙofa. Karnukan galgo da fodenko na Sifaniya kuwa mafarauta ne, kyanwa ko zomo in ya gilma kiran suna ba ya tsayar da su.

Dakta Sani: Abu biyu da ake bari sai an makara. Ƙwayar shaida lamba ce kawai, babu adireshi a cikinta, kuma galibi rajistarta tana can ƙasar da aka sa ta, ko babu ma sam. A yi mata rajista a ma'ajiyar bayanan ƙasar da karen ya sauka tun makon farko, likita ya ɗora na'ura a wuyansa da kafaɗarsa a tabbatar lambar ta yi daidai da ta takarda. Inshora kuma a karanta sharuɗɗanta kafin a biya: yawanci ba ta ɗaukar cutar da kare ya zo da ita, kuma a rubuta tambayar lishmaniya da tsutsar zuciya a aika musu, su ba da amsa a rubuce.